Keken ninkewa mai giya 7 da aka mayar 9, kuma farantin gaba ya ragu maimakon ya ƙaru

Keken da ake magana a kai irin mai ninkewa ne a tsakiya, taya inci 20, firam ɗin alminiyon, giya 7 a baya, faranti ɗaya a gaba mai haƙori 52. Na ƙanena ne, da shi yake zuwa aiki, hanyar galibi shimfiɗaɗɗiya ce sai dai akwai wani hawa mai tsawo dab da ƙarshe, in ya isa kuma sai ya ninke shi ya hau bene da shi a hannu. Ƙorafinsa biyu ne kuma in ka ji su sai kace karo suke da juna. A miƙaƙƙiyar hanya giya tana ƙare masa, ƙafa na ta gudu keke baya gudu. A hawa kuma giyar da tafi kowacce sauƙi ma nauyi take masa, sai ya miƙe tsaye a kan feda ko ya sauka ya tura.

Shi dai ya riga ya yanke shawararsa kafin ya zo, yace "Yaya faranti mai haƙori 60 kawai zan sa a gaba, na ga masu irin keken nan suna sawa." Nace toh bari mu yi lissafi tukunna kafin a taɓa sifana.

Lissafin ba wani abu bane mai wuya. Haƙoran farantin gaba zaka raba da haƙoran giyar baya, abin da ya fito ka ninka da kewayen taya, shine nisan da keke zai ci in feda ta zagaya sau ɗaya. Tayar inci 20 irin tasa kewayenta wajen mita 1.5 ne, na babban keken titi kuwa wajen mita 2.1, kaga tun daga nan ƙaramar taya ta riga ta cinye maka kusan kashi 30 cikin 100 na kowace giya, shi yasa masu haɗa waɗannan kekunan suke sa faranti babba tun daga kamfani. A bayan keken nasa jerin haƙoran 14, 16, 18, 20, 22, 24, 28 ne. Wato giya mafi nauyi 52 a kan 14, mita 5.6 kenan a zagaye ɗaya, in yana juya feda sau 80 a minti wanda shine daidai ga yawancin mutane, bai wuce kilomita 27 a awa ba, daga nan sai dai ya dinga watsal-watsal da ƙafa. Mafi sauƙi kuma 52 a kan 28, mita 2.8, wanda a hawa mai tsauri in ƙafa ta sauko zuwa sau 60 a minti dole sai ya riƙe kilomita 10 a awa, ga jaka a baya, ai dole gwiwa ta yi magana.

Yanzu a sa 60 ɗin da yake so. Sama ta koma mita 6.4, madalla, gudu ya samu. Amma ƙasa ta tashi daga 2.8 zuwa 3.2, wato hawan da yake turawa rabi yanzu daga gindinsa zai fara turawa. An gudu ba a tsira ba. Faranti baya faɗaɗa komai, gaba ɗaya giyoyin yake ɗauka ya matsar da su sama ko ƙasa, tazarar da ke tsakanin mafi nauyi da mafi sauƙi kuwa tana nan yadda take, 28 a kan 14, ninki biyu cif. Matsalar keken nan ƙuncin wannan tazarar ne, kuma tazarar a baya take zaune ba a gaba ba.

Banda haka ma faranti mai haƙori 60 faɗinsa ya kai santimita 24, na 52 kuwa 21 ne. A babban keke wannan ba abin damuwa bane amma a keken da in an ninke shi yake zama a ƙasa a kan gindin sandar sirdi, duk abin da ka ƙara wa faranti kana kusanto da haƙoransa da siminti ne, kuma sai an duba ko zai gogi ƙarfen firam na baya.

Da muka cire tayar baya sai abin ya fito fili. Giyoyin nasa firiwil ne, irin wanda ake murɗawa gaba ɗayansa a kan tiredin hob, wato cibiyar taya, da boris ɗinsa da ƴan haƙoran nan masu ƙara kas-kas duk a cikinsa suke. Tunda duk wannan kayan sai sun samu wurin zama a ciki, ƙaramar giyarsa bata iya ƙanƙancewa sosai, shi yasa kusan duk firiwil ɗin da zaka gani daga 14 yake farawa, wani lokacin 13. Shi kuma kaset daban ne, injin kas-kas ɗin a jikin hob yake, giyoyin zura su kawai ake yi a kulle da zobe, don haka yana sauka har 11 ba wahala. Tsakanin 14 da 11 haƙori uku ne kacal amma a lissafi ƙarin kashi 27 cikin 100 ne, ya fi abin da tashi daga 52 zuwa 60 zai bayar wanda kashi 15 ne kawai.

Anan akwai hanya mai sauƙi da ya kamata in faɗa don kar wani ya karanta wannan ya je ya canza taya ba dalili. Akwai firiwil mai giya 7 da ke farawa daga 11, kamfanin DNP na yinsa, har da 11 zuwa 32. In tayarka lafiyarta ƙalau, ka murɗe tsohon ka murɗa wannan, ka sa sabuwar sarƙa, ka tabbatar direlarka, wato ƙarfen da ke matsar da sarƙa daga giya zuwa giya, tana iya hawa 32, shikenan ka gama da kashi mafi yawa na matsalar, shifta ma, wato abin canza giya da ke kan keke, ba sai ka taɓa ba. Da tayar ƙanena lafiya take wallahi nan zan tsaya. Sai dai da na juya aksul ɗin a hannu sai naga yana rawa, ya lanƙwashe daga ɓangaren giya, kuma wannan tsohon ciwon hob ɗin firiwil ne, boris ɗin dama can ciki yake zaune nesa da firam, wani dogon yanki na aksul yana nan ba abin da ya tallafe shi, yau da gobe sai ya sunkuya ko ya karye. A hob ɗin kaset irin na kamfanin Shimano boris ɗin dama yana can bakin waje kusa da firam. Ga kuma gefen gargaren da birki ya cinye har ya yi kwari in ka shafa da yatsa, dama ƙaramar taya ta fi saurin cinyewa tunda ta fi yawan zagayawa a tafiya iri ɗaya. Tunda taya sabuwa dole ce, babu ma'ana a sake sayen mai firiwil.

Kafin a nemo taya abu biyu aka auna. Na farko faɗin tsakanin ƙafafun firam na baya inda aksul ke shiga, ya bada milimita 130. Wannan awon kar ka yarda da abin da wani ya gaya maka, ka sa ruler da kanka, don kekunan ninkewa kowa da nasa, akwai 130 akwai 135, na kamfanin Brompton ma yawanci 112 ne shi yasa kayan sauran kekuna basa shiga masa kai tsaye. Firam ɗin ƙarfe ana iya ɗan buɗa shi ya karɓi hob mai faɗi, na alminiyon kuwa ba a yi masa haka, tsagewa yake. Na biyu lambar da ke jikin taya. Inci 20 kala biyu ne a kasuwa, akwai 406 akwai 451, duk sunansu inci 20 amma bambancin milimita 45 ne a faɗin gargare, in ka ɗauko 451 ka sa a firam ɗin 406 takalmin birki ba zai ma kai inda ya kamata ba. Tasa 406 ce.

Daga nan sai maganar giya nawa. Shi yana son 10 ko 11 don dai yawa, ni kuma na tsaya a 9, ga dalilina. Jikin hob ɗin Shimano na gama-gari yana ɗaukar kaset 8 da 9 da 10 duk a faɗi ɗaya, abin da ake yi shine matse giyoyin kusa da juna, a 7 tazarar giya da giya milimita 5 ne, a 8 ta koma 4.8, a 9 wajen 4.35, a 10 kuma 3.95. Duk sanda tazarar ta ragu, kuskure ɗan kaɗan a jan waya sai ya bayyana. Keken ninkewa kuma wayarsa doguwa ce, daga kan keke ta gangaro doguwar sanda ta bi ta gaɓar tsakiya ta kai baya, duk a cikin kwanso, wato bututun da waya ke bi ta ciki, kuma kullum sai an lanƙwasa ta an miƙe. Irin wannan wayar bata da tsaftar jan da giya 11 ke buƙata sai ka dinga bin ta da saiti. Ga kuma rikicin wace shifta ke tafiya da wace direla: a wajen Shimano daga giya 6 har 9 direlar keken titi da ta keken daji galibi jan waya ɗaya suke, kana iya cakuɗa su, amma daga 10 abin ya rabu, na daji suka koma wani jan daban, Tiagra 4700 ma, wata direlarsu ta titi, duk da giya 10 ce ta bi jan masu 11, bata jituwa da tsoffin 10. Kamfanin SRAM kuma dama nasu daban ne. A 9 babu wannan ciwon kan.

Kaset ɗin da aka ɗauka 11 zuwa 32 ne, jerinsa 11, 12, 14, 16, 18, 21, 24, 28, 32. Tazarar ta tashi daga ninki 2 zuwa 2.9.

Direla ita ce wurin da ƙaramar taya ke nuna halinta. A babban keke aksul yana sama da ƙasa da wajen santimita 33, a wannan kuwa wajen 24 ne, wato duk abin da ke rataye a ƙasan aksul ya matso ƙasa da kusan santimita 10. Direla kuma hannunta kala uku ne, gajere da matsakaici da dogo, Shimano suna rubuta SS da GS da SGS. Mutane da yawa da sun ji 32 ko 34 sai su ɗauko doguwar direlar keken daji, su ɗaura, sai ka ga ƙaramar tayarta ta ƙasa tana neman shafar titi, tana kwasar yashi da ruwa tana zuba wa sarƙa, in an zo sauka daga dakali ko an kwanta a kwana ta bugu, wani lokacin ma ta matso dab da robar tayar kanta in tayar mai kauri ce. Alhali tsawon hannun ba shi ke sa direla ta hau babbar giya ba, aikinsa kawai ya kwashe ragowar sarƙa. Mai faranti ɗaya a gaba ragowar da zai kwashe 32 a cire 11 ne, haƙori 21. Gajeriyar direlar Shimano Sora R3000 tana kwashe har 37 kuma an rubuta tana hawa 32, toh me za a yi da doguwa? Ita aka sa, da shiftarta ta miƙaƙƙen kan keke. Wannan ne ma ya sa ban tafi 34 ba, don 34 sai matsakaiciya, kuma haƙori biyun basu kai a sauko da direla ƙasa saboda su ba.

Kafin a ɗaura ta sai da aka duba kunnen firam ɗin da take ratayuwa a jiki, aka same shi ya ɗan karkata ciki. Ba abin mamaki bane, irin wannan keken in an ninke shi sarƙa da direla a waje suke, duk sanda aka jingina shi ko aka kwantar a bayan mota ta wannan gefen kunnen ne ke shan nauyin. Brompton ne ya yi dabarar ninke sarƙa a ciki tsakanin tayoyi. Giya 7 tana haƙuri da karkataccen kunne, 9 bata yi, zaka saita sama ƙasa ta ƙi, ka saita ƙasa sama ta ƙi, kayi ta murɗa abin saiti a banza. Akwai ƙarfen awo da ake murɗawa a ramin kunnen a gwada da gargare ta ko'ina, da shi aka miƙar a hankali.

Toh sai faranti, inda muka fi jayayya. Tsohon a manne yake da hannun feda da ribit, ba a cire shi, kuma haƙoransa sun riga sun yi tsini, don haka hannun feda sabo dole, aka samo mai ƙusa biyar da'irar milimita 130 wanda ake canza masa faranti, tsawon hannun milimita 170 kamar na da. Tambayar ita ce haƙori nawa. Na rubuta masa lissafin a takarda. In aka bar 52, sama mita 7.1 ƙasa 2.4. In aka sauko 48, sama mita 6.5 da ɗoriya, ƙasa 2.25. Ya kalli takardar ya sake kallo yace "Yaya wai kana nufin 48 ɗin ya fi 60 ɗina gudu?" Eh, 48 a kan 11 ya ɗan fi 60 a kan 14, a juyi 80 a minti yana bada kilomita 31 a awa, kuma a lokaci guda hawan da yake buƙatar kilomita 10 yanzu ana iya lallaɓa shi a 8. Mita 7.1 ɗin da 52 zai bayar kilomita 34 ne a awa, a keke mai ƙananan tayoyi da doguwar sandar kai da mutum a zaune a miƙe iska na dukan ƙirjinsa, sau nawa zai kai wannan gudun in ba a gangara ba, a gangara kuma birki yake riƙewa ba feda ba. Amma hawan kullum yana nan yana jiransa. Don haka 48.

Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan zaɓin kuma gaskiya ne: giya mai haƙori 11 ba wurin zama bace. Haƙora kaɗan ne ke riƙe da sarƙa, sarƙar na lanƙwasa sosai, tana cinyewa da wuri tana kuma cin ƙarfi. Wanda yake da ƙafa sosai har zai dinga wuni a 11 da 12, shi faranti babba ya dace da shi don ya dawo tsakiyar kaset. Shi ƙanena tafiyarsa ta yau da kullum kilomita 22 zuwa 25 ce a awa, da 48 wannan ya faɗa a 16 da 14, kaga 11 sai dai lokaci-lokaci.

Faranti ɗaya ba direlar gaba yana nufin ba abin da ke tsare sarƙa, kuma kekunan ninkewa sun shahara da zubar da sarƙa, ƙaramar taya ta fi jin rami, keke ya yi tsalle sarƙa ta yi tsalle. Tsohon yana da garkuwar roba ciki da waje. Sabon aka ɗauko irin mai haƙori ɗaya kauri ɗaya siriri, wanda mai kaurin ke shiga faffaɗar gaɓar sarƙa siririn ke shiga matsattsiya, shi yasa irinsa kullum adadin haƙoransa mai rabuwa biyu ne, zaka samu 48 da 50 da 52 amma ba 49 ko 53. Aka ƙara garkuwar alminiyon a waje saboda wando da kuma hannun mai ɗauka.

Wurin da aka fi ɓata lokaci shine layin sarƙa, kuma a keken ninkewa yana da wata illa da babban keke bai san ta ba. Tsakiyar kaset a hob mai 130 tana wajen milimita 43 daga tsakiyar firam, ana son faranti ya tsaya kusa da nan. Da aka fara ɗaura farantin a wajen hannun feda sai ya fito waje da yawa, a tuƙi ba ka jin komai sai ɗan gurnani a 32, amma da zarar ka juya feda baya sai sarƙa ta sauko daga 32 ta faɗo kan 28 ko 24 ta cakuɗe. Wani zai ce wa ke juya feda baya a giyar hawa? Mai keken ninkewa mana. Ya gama hawa, ya tsaya a ƙofar gini yana giya mafi sauƙi, zai ninke, dole ya juya feda baya don hannun ya kauce wa tayar gaba, shikenan sarƙa ta zube, gobe da safe ya buɗe ya taka ta yi ƙara ko ta fita gaba ɗaya. Hanya biyu ce, ko a canza aksul ɗin feda a sa gajere, ko a mayar da faranti ta cikin hannun a bar garkuwa a mazaunin waje. Ta biyun aka yi don bata buƙatar sayen komai, faranti ya shigo ciki da ƴan milimitoci, aka duba bai taɓa firam ba, anan ma ƙanƙantar 48 ta taimaka don da 60 ne babu wurin da zai shiga. Juya baya ya daina zubarwa. Duk da haka nace masa ya saba da saukowa zuwa 18 ko 21 kafin ya ninke, direlar ma ta fi lafewa a nan.

Sarƙa sabuwa ta giya 9, don ta 7 ta yi kauri zata dinga gogar giyar kusa. Tsawonta an naɗa ta a faranti da 32 ba tare da an bi ta direla ba aka ƙara gaɓa biyu. Zoben kaset an ɗaure shi da ƙarfin murɗi 40 Nm kamar yadda aka rubuta a jikinsa.

Sai waya. Tsohuwar shifta irin ta murɗawa ce a hannu, sabuwar ta dannawa ce da babban yatsa, kuma wayar ba ta wuri ɗaya take fitowa ba. Da aka gwada da tsohon kwanso, a buɗe komai daidai, giya na shiga tsaf tsaf, amma in an kwantar da sandar kai za a ninke sai kwanson ya ɗame ya zare kansa daga mazauninsa a bakin shifta, in an buɗe kuma bai koma ya zauna daidai ba, ya tsaya a baki, wayar ta ƙara tsauri, giya ta fara tsallake-tsallake. Wannan shine ainihin abin da ke faruwa da masu cewa kekensu na rikicewa duk sanda suka ninke shi. Kwanson keken ninkewa a ninke ake auna shi ba a buɗe ba, a ninke komai, sanda a kwance, a ɗaga kan keke iya tsayin da mai shi ke amfani da shi in mai zugewa ne, a ga kwanson ya kai ba ɗamewa, sannan a buɗe a ga ragowar bata yi lilo har ta kama feda ko makullin gaɓa ba. Kuma kwanson giya ne mai milimita 4 za a sa, kar a ce na birki ma ai kwanso ne, na birki ƙarfensa a naɗe yake yana matsewa in an ja, giya ba zata taɓa tsayawa a saiti ba. Shiftar kanta sai da aka ɗan juya ta a jikin kan keke don maɓallinta yana tokarar sifokin tayar gaba in an ninke, aka kuma canza robar hannu ta dama tunda ta da gajeriya ce saboda mai murɗawa.

An yi maganar wasu hanyoyin kafin a fara, bari in taɓa su a gurguje. Faranti biyu a gaba zai bada tazara fiye da haka amma bututun sirdi na waɗannan kekunan ƙato ne, sandar sirdin ma milimita 33.9 ce a da yawansu, direlar gaba bata kamawa sai da wani maƙali na musamman, ga ƙarin waya ta biyu da zata bi ta gaɓa. Shimano sun taɓa yin Capreo musamman don ƙananan tayoyi, kaset mai farawa daga haƙori 9 zuwa 26 da hob ɗinsa na daban, dabara ce mai kyau amma yanzu samun kayansa sai an sha wuya. Wadda ta fi jan hankalina ita ce giyar cikin hob, irin Alfine mai 8 da ke bada tazarar kashi 307 cikin 100, ko mai 11 da ke kai 409, babu abin da ke rataye balle ya bugu, sarƙa a miƙe take kullum, kuma kana canza giya a tsaye, wanda ga mai tsayawa a danja kowane lokaci ba ƙaramin abu bane. Don keken ninkewa kamar an yi ta ne, shi yasa Brompton suka daɗe a kan giyar cikin hob irin ta Sturmey-Archer mai 3. Amma Alfine faɗinta 135 ne firam ɗinmu 130 na alminiyon, kuma hob ɗin kaɗai ya haura kilo ɗaya da rabi, duk a baya, ga mutumin da zai ɗauki keken ya hau bene kullum. Ta faɗi a nan.

Bayan ya yi ta hawa na wani lokaci ya dawo da shi aka sake ɗan saita waya, don sabon kwanso yana zama a mazauninsa sai wayar ta ɗan saki, rabin murɗi ya isa. Hawan nan yanzu a zaune yake gama shi, yawanci a 28, sai in da kaya ya nemi 32. Sarƙa bata sake zubewa ba ko a rami ko a ninkewa. Ma'aunin cinyewar sarƙa bai nuna komai ba tukunna, nace masa da zarar ya nuna ta miƙe da kashi 0.75 cikin 100 a canza ta kar a jira ta cinye kaset, don a ƙaramar taya ƙananan giyoyin ne ke shan aiki kuma su ke fara tafiya.

Abin da ya rage masa na ƙorafi ɗaya ne, kuma yana da gaskiya. Tsakanin 16 da 14 akwai rami, tsallen kashi 14 cikin 100 ne, kuma daidai nan gudunsa na yau da kullum ya faɗa, in iska na gabansa 14 ta yi nauyi 16 ta yi sauƙi, yana ta kai da komo yana neman 15 da babu ita. Kaset 11 zuwa 25 na giya 9 yana da 13 da 15 da 17, kuma zai shiga ba tare da an canza shifta ko direla ba, sarƙa kawai za a rage. Amma zai rasa 28 da 32, giyarsa mafi sauƙi ta koma 48 a kan 25, mita 2.9, wato ta fi wadda yake sauka ya tura a da nauyi. Ɗaya hanyar ita ce faranti mai 50, wanda zai mayar da 16 ta koma mita 4.7 maimakon 4.5 ya ɗan cike ramin daga ƙasa, ƙasa kuma ta tashi zuwa 2.3 da ɗan kai. Yace a bar shi haka har farantin nan ya cinye sannan a gwada 50 ɗin.